Bin Sawun Abin Hawa da Tauraron Ɗan Adam

(Jawabin da wasu ɗalibanmu suka gabatar a wani taron masu motoci da masu Keke Napep a Mahuta, Kaduna, lokacin hutun ƙarshen zango.)



Kowa ya sani a wannan yanki namu, tun daga Mahuta da bakin matatar mai har zuwa Sabon Tasha da Narayi, abin hawa jari ne. Ga ma'aikacin da ya yi ritaya ya zuba kuɗin sallamarsa a Keke Napep guda, ya ba wani yaro yana kawo masa balas kowace yamma. Ga matar da ta yi adashe shekara biyu ta sayi babur. Mu kanmu da muke tsaye gabanku, akwai waɗanda da wannan balas ɗin ake biya musu kuɗin makaranta. Ranar da keken ya ɓace, tukunya da karatu suka tsaya tare. Wannan ne dalilin da ya sa muka zaɓi yin magana a kan hanyar da mai ƙaramin ƙarfi zai san inda abin hawansa yake ba tare da ya karya aljihunsa ba.

A zamanin kakanninmu, in an sace saniya sai a kira masu bin sawu, su duƙufa a kan turɓaya har su kai ga ƙofar ɓarawo. Kwalta kuwa ba ta riƙe sawu. Iyayenmu da suka sayi Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a nan Kakuri a 1975, ba su da wata kariya sai sarƙa da kwaɗo a sitiyari. Mai bin sawu na yau a sama yake, shi ne ake kira GPS.

Ma'aikatar tsaron Amurka ce ta ƙirƙiro shi domin sojojinta. An harba tauraron farko a 1978, tsarin ya kammala a 1995 da taurari 24, suna shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200, kowanne yana kewaya duniya sau biyu a yini. A 1983, bayan da Tarayyar Sobiyet ta harbo wani jirgin fasinja na Koriya ta Kudu wanda ya ɓace hanya, Shugaba Reagan ya yi alkawarin buɗe wa farar hula tsarin. Duk da haka an ci gaba da gurɓata saƙon da gangan, har kuskurensa yakan kai mita 100, sai a watan Mayu na 2000 aka daina. Yanzu kuskuren bai wuce 'yan mitoci ba a fili. Rasha da Turai da Sin su ma kowa ya harba nasa.

Kowane tauraro yana ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, kuma ba ya yin komai sai shela: ga inda nake, ga lokaci. Na'urar da ke ƙasa takan saurari aƙalla guda huɗu, ta auna jinkirin isowar saƙon kowanne, daga nan ta lissafa inda take. Wannan shela kyauta ce, ba wanda ke biyan ko kwabo.

To, a nan ne muke roƙon ku ba mu hankalinku, domin nan ne mutane suke ruɗewa. Tauraron ba ya ganin motarku, bai ma san da ita ba. Na'urar ce take da kunne, ta ji, ta san inda take. Amma kafin ku da kuke gida ku sani, lalle ne ta kasance tana da baki, bakin nan kuwa shi ne layin waya da aka sa mata, irin wanda ya shigo ƙasar nan a 2001. Watau duk abin da za ku kashe, a kan bakin nan za ku kashe shi, kuma yawancin na'urorin da suka ci amanar masu su, ta nan suka ci.

Hanya mafi araha ita ce tsohuwar wayar Android da ke kwance a gida. A sa mata layi da ɗan data, a buɗe mata hidimar neman waya ta Google, a kashe mata ƙara, a haɗa ta da caji a ɓoye ta. Tana aiki, amma fa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Zafin mota a watan Maris yakan kumbura batirin waya, ɓarawo kuma in ya gan ta ya sami riba biyu. Akwai kuma ɗan ƙaramin maɓallin nan AirTag da kamfanin Apple ya fitar a 2021. Shi ba ya jin tauraro, yana dogara ne ga wayoyin iPhone da ke wucewa kusa da shi, kuma yakan sanar da baƙon da ke tafe da shi. A London wannan dabara ce. A kan hanyar Kachia ba mu ba ku shawararsa ba.

Abin da muka fi natsuwa da shi ita ce ƙaramar na'urar da ake kira tiraka, wadda ba ta fi kwalin ashana da yawa ba, irin su GT06 da ST-901. Mai wayarin yakan haɗa ta da batirin mota ko na keke. Ka aika mata saƙon tes, ta mayar maka da inda take a taswira. Kana iya zana mata iyaka, in abin hawa ya ƙetare ta yi maka kururuwa. Wasu kamfanoni suna karɓar kuɗin shekara domin manhajarsu. Wanda ba ya iyawa, saƙon tes kaɗai ya ishe shi, ɗalibanmu masu karatun kwamfuta kuwa sun san Traccar, wadda ake samu kyauta.

Bari mu ba ku labarin wani maƙwabcinmu, ba za mu ambaci sunansa ba. Ya sa wa kekensa tiraka, ya yi mako guda yana nuna wa kowa taswira a majalisa, sa'an nan ya manta da ita. Bayan watanni aka ɗauke keken cikin dare. Ya aika saƙo, shiru. Na'urar lafiyarta lau, layin ne ya mutu, domin ba a taɓa sa masa kuɗi ba tun ranar farko. Layin da aka bari watanni ba a mora ba ana iya rufe shi, kuma tun Disamba 2020 hukuma ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN. Saboda haka layin ya kasance da sunanka, kada ya zama na mai wayarin. Ka ware rana guda a mako, Juma'a ko Lahadi, ka gaishe da na'urar ka ga ko za ta amsa. Ka kuma canza lambar sirrin da ta zo da ita, domin yawancinsu da 123456 suke fitowa, ɓarayi kuwa sun fi mu sanin haka.

Wani abin kuma ba laifin kowa ba ne. Kun tuna daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a wasu sassan jihar nan saboda 'yan bindiga. Duk tirakar da ta shiga wuraren nan ta zama bebiya: tana ji, ba ta iya faɗa. Haka take a duk dajin da babu sabis. Don haka in za ku saya, ku nemi mai ajiye bayanin tafiya ta aiko in sabis ya dawo, mai kuma ɗan batirinta na kanta, wadda za ta sanar da ku da zarar an cire na mota.

Game da maɓoya, ƙarƙashin sitiyari nan ɓarawo ke fara kai hannu. Ƙarfe yana tare saƙon tauraro, roba da gilashi ba sa tarewa, sai a nemi lungu mai rufin roba, nesa da zafin inji da ruwa. Ka tsaya a kan aikin da kanka, kada a yi shi a bainar jama'a.

Ana iya haɗa mata abin yanke mai, ka kashe inji daga gida. Muna roƙonku kada ku yi haka alhali mota tana gudu a titi, akwai rayukan da ba ruwansu. Kuma in an ƙwace mota da bindiga, a bari sai direba ya tsira tukuna. In taswira ta nuna maka gidan da abinka yake, kada ka tara matasa ku tafi. Ka ɗauki takardun mota, da lambar inji da ta jiki, ka kai wa 'yan sanda, ku tafi tare.

Saura magana guda. Mai keke ya gaya wa direbansa cewa akwai tiraka, ko da bai nuna masa inda take ba, domin amana ta fi dawwama in ba a ɓoye juna. Maƙala wa abin hawan wani na'ura a asirce kuwa, ko matarka ce ko abokin gaba, shiga haƙƙi ne, ba shi muka zo koyarwa ba.

Mun zo da tiraka guda da tsohuwar waya, suna kan teburin nan. Wanda ke son gani da idonsa ya matso bayan an tashi.