Kafin ka hau motar Sabon Gari neman littafi

Shirin yau na sababbin ɗalibai ne, musamman waɗanda suka shigo ABU Samaru bana, da kuma iyayen da ke tura musu kuɗi.

Bari in fara da wautar da na yi. Makona na biyu a jami'a, malami ya rubuta mana sunayen littattafai huɗu a allo. Ni kuwa ɗan ƙauye mai tsoron faɗuwa, washegari na hau mota daga Samaru, muka wuce Kwangila, na sauka Sabon Gari. Na sayi biyu da kuɗin da Baba ya ba ni na abincin wata guda. Wallahi watan nan garin kwaki ne ya riƙe ni. Abin haushin ma, ɗaya daga ciki bugun jabu ne, babi na bakwai babu shi gaba ɗaya, shafukan sun tsallake.

Sai bayan wata biyu wani ɗan ajinmu ya ja ni Laburaren Kashim Ibrahim, wanda ɗalibai ke ce wa KIL. Kullum ina wuce ginin nan, na ɗauka wurin manya ne masu digiri na biyu. Sunan Sir Kashim Ibrahim aka sa masa, gwamnan Jihar Arewa daga 1962 zuwa 1966, kuma a 1962 ɗin aka buɗe jami'ar. Muka duba katalog, muka bi lambar da ke gefen littafi, sai ga littafin da ya cinye min abinci yana zaune a kanta. Cikakke, da babi na bakwai ɗinsa.

To ga inda nake so ku saurara da kyau. Littafin da malami ya ce dole a karanta, sau da yawa ba za ka gan shi a kantar da kowa ke ɗauka ba. Ana ware irinsu a sashen ajiya, wanda ake kira Rizab: ka ba da katinka, a miƙo maka, ka karanta a nan cikin laburaren, ka mayar. Dalilin shi ne kada mutum ɗaya ya tafi da shi ɗaki ɗalibai ɗari su zauna suna jira. Da yawa sukan leƙa kanta, ba su gani ba, su juya su ce babu. Tambaya ce kawai ba su yi ba. Ka je ka ce, “Malam, don Allah ina neman littafi kaza na kwas kaza.” Aikinsu ke nan, ba roƙo ka zo ba.

Kuma ba KIL kaɗai ba ce. Tsangayoyi da sassa da dama suna da nasu ƙananan laburaren, can ma an fi samun littafin kwas. 'Yan Kongo masu karanta shari'a da harkar mulki kuna da Laburaren Shugaba Kennedy. Idan kimiyya kake yi, akwai OpenStax, na Jami'ar Rice da ke Amurka, littattafan lissafi da fizis da bayoloji kyauta, halal ɗinka ne ka sauke a waya.

Amma fa ban ce kada ka taɓa sayen littafi ba. Wanda za ka yi shekara huɗu kana buɗawa, saye shi, ko na hannu ne daga wajen waɗanda suka gama. Sannan ka lura da bugu, wani lokaci malami na aiki da sabo, na laburare tsoho ne, sai lambobin shafi su saɓa. Ka tambaye shi tun farko ko tsohon zai yi. Maganar fotokwafi kuwa, ɗan shafukan da kake buƙata daban, kwafe littafi sukutum daban, wannan cin haƙƙin marubuci ne.

Kuma ku yi rajistar laburare tun makon farko. Idan jarrabawa ta matso, kujerar zama ma sai ka yi sammako.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.