Masu aiki bayan zana: awa nawa za su ba lakkol?

Ga jawabin da wani diraktan lakkol na karkara, cikin jihar Maraɗi, ya yi ma iyayen yara bisa shirin wasan kwaikwayo na ƙarshen shekara. Wanda ya iya karatu shi karanta ma wanda bai iya ba.

Maigari, ranka shi daɗe. Liman, Allah shi gafarta malam. Iyayena maza da mata, sannunku da zuwa.

Na tara ku yau don maganar wasan kwaikwayon da ɗiyanku za su yi ƙarshen watan Mayu. Ba kuɗi nike roƙo ba. Lokacin ɗiyanku nike roƙo, kuma ina so in gaya muku yawanshi tun yau.

Wasan kwaikwayo ba baƙon abu ba ne ƙasarmu. Dattawa sun san wasan kara na Damagaram. Sun san zamanin samariya, da babban bikin matasa na ƙasa da anka fara yi Zinder cikin 1976. Yazi Dogo, wanda ya ba ƙasa duka dariya, malamin lakkol ne. To amma ran wasa, ƴan kallo na ganin mai yin sarki da mai yin alƙali kaɗai. Ba su ganin yaran da ke bayan zana. In babu su, babu wasa.

Ku tuna abin da ya faru bara. Yaron da ke riƙe da kayan sarki, ubanshi ya aike shi kasuwa ran gwajin ƙarshe. Ran wasa bai san inda anka aje rawani ba. Sarki ya fito kai ba komi, mutane sunka yi ta dariya wurin da ba na dariya ba. Fitila ba a sa ta caji ba, ta mutu tsakar wasa. Babbar riga da munka aro ta kwana waje, akuya ta tauna hannunta. Sai da munka biya jikka 3, kuma mai rigar har yau bai huce ba.

Ban ga laifin uban yaron ba. Laifinmu ne, mu malamai. Mun ce mishi “ɗan aiki ne kaɗan”. Ba mu ba shi lissafi ba. Bana ga lissafi.

Muna son yara 12, maza da mata, daga aji 5 da aji 6. Ga aikinsu:

1. Yara 4 ga rumfa. Su za su kafa itace, su ɗaura zana, su yi ƙofar shiga da ta fita. Ran wasa su share fili, su yayyafa ruwa don ƙura, su jera benci da tabarmi.

2. Yara 3 ga tufafi. Su za su bi gida gida su aro riga, rawani, zane da hula. Su yi gemun auduga. Kowane kaya a rubuta shi cikin kaye, da sunan mai shi.

3. Yara 2 ga ƙananan kaya: ƙwarya, buta, sanda, kujerar sarki. Kowane abu shi shiga fili ga lokacinshi, shi fita ga lokacinshi.

4. Yara 2 ga fitila da lasifika. Su shanya fitilar sola tun da safe, su duba batir.

5. Yaro 1 ko yarinya 1 mai kira. Shi ke riƙe da takarda, shina gaya ma kowane ɗan wasa: “Shirya, kai ne gaba.”

Yanzu ga lokacin. Sati 6 ne.

Sati 4 na farko: Laraba da Asabar, awa 2 kowace rana. Ya kama awa 16.
Sati na 5: a ƙara Lahadi. Kwana 3, awa 6.
Sati na 6: kullum, Litinin zuwa Juma'a. Awa 10.
Ran wasa, Asabar: daga la'asar zuwa ƙarfe 10 na dare. Awa 6.
Wanshekare: kwance rumfa da maida kayan aro. Awa 2.

Ku da ke zuwa makarantar yaƙi da jahilci, ku tara da kanku: 16 da 6 da 10 da 6 da 2. Awa 40 ke nan. In mutum na aikin gona awa 8 a wuni, kamar aikin kwana 5 ne. Ba kaɗan ba ne. Ban ɓoye muku ba.

Wani zai ce: “Mushe, ɗana ba ya magana cikin wasan. Mi ya sa zai zo gwaji kullum?” Ga dalili. Ɗan wasa nashi wuri kaɗai zai riƙe. In ya manta magana, shina iya ƙago wata. Amma mai kaya sai ya san wasan duka, daga farko har ƙarshe. In ya manta kujera, sarki ba ya zama bisa iska. Kuma shi ne farkon zuwa, shi ne ƙarshen tafiya. Shi ya sa sati na ƙarshe ya fi nauyi gare shi.

Na san wannan lokaci yara na da aiki gida. Bazara ce. Rijiya ta yi nisa, akwai ɗibar ruwa. Akwai sharar gona da kai taki. Akwai kiwo, akwai talla, akwai makarantar allo. Saboda haka ga alkawarin da mu malamai munka ɗauka gaban Maigari:

Ba mu taɓa lokacin karatun aji, ba mu taɓa na allo.
Ba mu sa gwaji ran kasuwa. In ya faɗo ran kasuwa, mu canza rana.
Kowane yaro na gida kafin magariba, sai daren wasa kaɗai. Daren nan malama za ta raka ƴan mata har ƙofar gida.
In Allah ya kawo ruwan shuka, shuka ce gaba. Mu ɗage wasa.
Yaron da karatunshi ya ja baya, mu sallame shi, don jarrabawa ta fi wasa.

Mi yaro zai samu? Ba kuɗi. Amma zai koyi zuwa kan lokaci. Zai koyi rubuta kayan mutane da maida su yadda ya amso su. Yarinyar da ta riƙe kayen tufafi sati 6 ba ta ɓatar da ɗankwali ko ɗaya ba, gobe tana iya riƙe littafin asusun ƙungiyar mata. Kuma bana, in an gama wasa, za mu kira su 12 ɗin da sunansu su fito gaban jama'a, a tafa musu kamar kowa.

Ga roƙona. Ku koma gida ku yi shawara, uba da uwa, don uwa ta fi sanin aikin da yaro ke yi mata. Ran Juma'a bayan masallaci ku ba ni amsa. Wanda ya ce a'a bai yi laifi ba, kuma ba mu riƙe ɗanshi da komi. Amma wanda ya ce i, shi bar muna yaron har ƙarshe. Janye yaro sati na 5 ya fi hana shi tun farko ɓarna, don babu lokacin koya ma wani. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Masu zana, masu tsohuwar riga, masu amalanke da za su ɗauko muna benci, ku ma ku ba da sunanku ga malamin aji 6.

Allah shi raya muna yaranmu, shi ba mu damana mai albarka.