Amosanin Gaɓɓai da Jijiyoyin Jini



Aikina nazarin harshe ne, saboda haka da suna zan fara. Hausawa kan ce sanyin ƙashi ko amosanin gaɓɓai, su tara cututtuka da dama a buhu ɗaya. Akwai ciwon gwiwa na tsufa, wanda zaizayewar guringuntsi ke haddasawa. Wannan mu ajiye shi gefe. Wanda nake nufi shi ne irin wanda garkuwar jiki ke juyowa ta far wa mai ita, yatsu su kumbura, su sandare da asuba, ya kuwa fi kama mata. Sunan ya tsare mana hankali a gaɓa, alhali ɓarnar ta kai har jijiyoyin jini.

Kowace jijiyar jini tana da shimfiɗa daga ciki, kaurinta ƙwayar halitta ɗaya tak. A 1980 Robert Furchgott, a Amurka, ya nuna da jijiyar zomo cewa idan aka goge shimfiɗar nan, jijiya ba ta saki yadda ya kamata. Daga baya aka gane wata iska take fitarwa, watau naitirik oksaid, wadda ke sassauta jijiya ta kuma hana jini daskarewa. Shi da wasu masu bincike biyu suka sami lambar Nobel a 1998.

To, kumburin da ke cin gaɓa yana zuba sinadaransa cikin jini, su rage wannan iska. Shimfiɗa ta yi danƙo, fararen ƙwayoyin jini da kitse su kutsa bangon jijiya, hanya ta ƙuntata sannu a hankali, maras lafiya kuwa bai ji komai ba. Wani nazari na 2008 da ya tattara bincike da yawa ya samu mutuwa ta ciwon zuciya da jijiyoyi ta ƙaru da kimanin kashi 50 cikin ɗari ga masu wannan amosani. A cutar lufus, danginsa, lamarin ya fi muni ga mata masu ƙuruciya.

Abin da ya fi damuna shi ne kantin magani. Mutum ya shekara yana sayen diclofenac da prednisolone ba takardar likita. Zafi ya lafa, hawan jini ya ƙaru. Maganin da ke kashe kumburin tun daga tushe, irin su methotrexate, an ga masu shansa sun fi tsira daga ciwon zuciya, amma lalle sai likita na duba hanta da jini. Wanda ke da irin wannan maras lafiya a gida, ranar asibiti ya roƙa a auna masa hawan jini da sukari da kitse, kada a tsaya ga duban yatsu.