Makullin Laburaren Da Ba Shi Da Ƙofa



An ɗora mana nauyin yin magana yau a madadin ɗaliban da ke kwana a ƙetaren Kogin Kaduna, watau mutanen Kakuri da Makera da Barnawa da Narayi da Sabon Tasha, har zuwa Gonin Gora, waɗanda kullum sai sun haye gada kafin su ga allo. Abin da za mu tattauna kuwa, wani zai ɗauke shi ƙarami: ɗalibi ya buɗe shafin laburare a wayarsa, ya rubuta sunansa da kalmar sirrinsa, shafin ya ce bai san shi ba. To, amma duk wanda dare ya taɓa raba wa a kan haka, saura kwana uku ya miƙa babi na biyu na kundin digirinsa, ga data tana zurarewa, ga batir ya yi ja, ya san zancen ba na wasa ba ne.

Da farko ya kamata mu san abin da ke bayan wannan ƙofa. Mujallun ilimi na ƙasashen waje da tsada suke, maƙala guda sai ta kai dala 30 ko 40. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin HINARI a 2002, domin likitoci da ɗaliban ƙasashe matalauta su riƙa karanta mujallun kiwon lafiya kyauta ko a kan kuɗi kaɗan. A 2003 aka kafa AGORA domin aikin gona, sa'an nan OARE a 2006 domin muhalli, daga baya aka tattara su da wasu a ƙarƙashin suna guda, Research4Life. Akwai kuma JSTOR, wanda aka kafa a Amurka a 1995, inda ɗalibin tarihi zai tarar da tsofaffin maƙalu a kan Daular Sakkwato da mulkin Turawa. Iyayenmu da suka yi karatu a Zariya, sai sun taka zuwa Laburaren Kashim Ibrahim, su jira wanda ya riga su ɗaukar littafi ya dawo da shi. Mu kuwa ga taskar a cikin aljihunmu, kalma guda ta hana mu shiga.

Yaya waɗannan shafuka ke gane ɗalibi? Yawanci ta hanya biyu. Idan kana cikin harabar jami'a, kana amfani da intanet ɗinta, shafin yana gane ka ta lambar adireshin da layin jami'ar ke ɗauke da ita, ba ya ma tambayarka kome. Da ka hau keke Napep ka sauka Barnawa, ka kunna datarka, wannan lamba ta canja, ka zama baƙo. A nan sai ka fara shiga ta shafin laburaren jami'a, shi ya gabatar da kai ga masu mujallar. Da yawa daga cikinmu kan tsallake wannan mataki, su nufi shafin mujallar kai tsaye daga Google, su zuba lambar rajistarsu a inda ba a taɓa jin labarinta ba, sa'an nan su ce laburare ya lalace. Lafiyarsa lau, gidan wani suka kai makullin.

Sai kuma kurakuran yatsa, waɗanda su ne suka fi yawa, ko da yake ba mai son amsa su. Na'ura tana bambanta babban baƙi da ƙarami, alhali wayar hannu, don karambani, takan mai da harafin farko babba ba tare da ta yi shawara da kai ba. Wanda ya kwafo kalmar daga WhatsApp sau da yawa yakan haɗo da 'yar tazara a ƙarshenta, ido ba ya ganinta, na'ura na ƙirga ta. Sifiri da harafin O kama suke yi, haka ma 1 da ƙaramin l. Akwai kuma wanda ya shafe mu musamman, mu masu kishin harshe. Ɗan'uwa zai sa ƙ ko ɗ ko ɓ a cikin kalmar sirrinsa daga wayarsa, ran da ya zauna gaban kwamfutar shagon intanet a Kakuri, ya nemi ƙugiya a kan allon rubutu ya rasa, ya buga k, aka kore shi. A bar ƙugiya ga waƙa da wasiƙa. In kuwa an ƙi ka sau biyu, dakata. Shafuka da yawa sukan rufe asusu na ɗan lokaci idan an yi ta gwaji, mai ƙwanƙwasawa da ƙarfi shi ke ƙara wa kansa jira. Duba agogon wayarka, domin idan kwanan wata ya kauce, burauza takan ƙi amincewa da shafin. Share tsofaffin bayanan da ta ajiye, ko ka gwada wata.

Amma babbar damuwa tana wajen sake kalmar sirri. Kana danna "na manta", sai a ce an aika saƙo zuwa imel ɗinka. Wane imel? Mu faɗa wa juna gaskiya: da yawanmu, ran da muka sami gurbin karatu, mai shagon intanet ne ya cike mana takardu, shi ya buɗe imel ɗin, wani ma nasa ya sa don sauri. Yau shagon ya koma na sayar da shinkafa, mai shi ya yi ƙaura, saƙonmu na can yana sauka a akwatin da ba mu da makullinsa. Haka zancen lambar waya. Tun daga Disamban 2020 da gwamnati ta ba da umurnin haɗa layukan waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, layuka da dama sun rufe, wasu an sace su tare da wayar. Waɗansunmu kuma ba su manta da ƙarshen 2021 ba, sa'ad da aka katse sadarwa a wasu sassan jihar nan na kusan wata biyu saboda tsaro. Duk wanda lambar tabbatarwa ke zuwa wa ta layin da ya mutu, ba shi da wata dabara sai ya je laburare da ƙafarsa, da katin shaidarsa a hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka kowa ya je a gyara masa imel da lamba tun zango bai yi nisa ba, ya kuma tabbatar rajistarsa ta bana ta kammala, don asusu kan mutu da ƙarewar shekarar karatu.

Ba za mu rufe ido a kan laifinmu ba. Akan ba mutum kalmar shiga, kafin magariba ta zaga rukunin WhatsApp uku, har ta faɗa hannun wanda bai taɓa taka jami'a ba. Masu mujallu suna lura, kuma idan suka ga ana sauke maƙalu tuli daga wurare barkatai, jami'ar baki ɗaya suke toshewa. Alherin da ka yi wa aboki sai ya zama asarar dubban ɗalibai.

Ga hukumar laburare kuwa, muna da roƙo. Ɗalibar da ke Sabon Tasha, ta biya kuɗin mota biyu, ta sha cunkoson gada, ta iso a ce mata mai kula da kwamfuta ya fita, ta dawo gobe, ba a yi mata adalci ba a kan aikin da bai fi minti biyar ba. Muna roƙo a ware lambar waya guda da za a riƙa amsa koken shiga asusu a lokacin aiki, a koya wa ma'aikaci fiye da ɗaya wannan aiki, a kuma liƙa bayanin matakan shiga daga gida a ƙofar laburare, da Hausa da Turanci. Ƙungiya ta ɗauki nauyin fassarar. Takarda na nan bakin ƙofa, duk wanda asusunsa ke rufe ya rubuta sunansa da sashensa kafin ya fita, amma kada kowa ya rubuta kalmar sirrinsa. Ranar Litinin za mu miƙa ta.