Tsofaffin Fina-Finai A Sababbin Faya-Fayai: Ko Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu?



Batun laccar yau ya shafi aljihun mai kallo, ya kuma shafi tarihi. Akwai wanda ya sayi fim guda a kaset ɗin bidiyo, ya sake sayensa a faifan DVD, yanzu kuma ga shi an kawo masa shi a faifan Blu-ray ana cewa an wanke shi, an sabunta shi. Shin wannan mutum sabon abu zai saya, ko kuwa tsohon kayansa aka canja wa riga?

Kafin a yanke hukunci, wajibi ne a san bambancin faya-fayan. Hoton da ke bisa allon talabijin ɗigo-ɗigo ne aka jera, kuma yawan ɗigon shi ne kaifin hoton. DVD, wanda ya fito a Japan cikin 1996, yana ɗaukar ɗigo 720 a kwance da 576 a tsaye bisa tsarin Turai, watau kimanin dubu 415. Blu-ray ya fito cikin 2006 da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, ninki biyar ke nan. Cikin 2016 aka fito da Ultra HD Blu-ray, wanda ake kira 4K, mai ɗigo fiye da miliyan 8, ga shi kuma ya fi iya rarrabe matakan haske da duhu.

To, a nan ne mutane da yawa sukan yi kuskure. Sukan ce fim ɗin 1960 ba shi da wani kaifi da za a tono. Alhali kuwa waɗannan fina-finai bisa zaren fim mai faɗin milimita 35 aka ɗauke su, wanda aka yi domin a haska shi a babban allon silima. Abin da ke kwance cikin wannan zare ya fi ƙarfin kaset, ya fi ƙarfin DVD. Saboda haka wanda ya san tsohon fim ta kaset kaɗai, inuwarsa ya sani. Idan aka koma ga uwar fim, watau zaren asali da ya fito daga kyamara, aka ɗauki hotonta gida-gida da na'ura, aka share ƙura da karce, aka maido da launin da ya koɗe, sai a ga abin da masu kallon farko suka gani. Fim ɗin Lawrence of Arabia na 1962, wanda aka ɗauka da zare mai milimita 65, an yi masa irin wannan aiki cikin 2012, kuma masana suna kafa misali da shi.

Wani lokaci aikin ya wuce wanki, ya zama ceto. Zaren fim yana mutuwa. Na zamanin farko, wanda aka daina yi wajen 1951, yana kama wuta nan da nan. Wanda ya gaje shi kuwa yakan ruɓe yana tsami. Wani bincike na Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka cikin 2013 ya nuna kashi 70 cikin ɗari na dogayen fina-finan Amurka marasa magana sun salwanta ɗungum. Cikin 1993 gobara ta tashi a wani ɗakin wankin fim a Landan, ta ƙona uwar fina-finan Apu guda uku na Satyajit Ray, mutumin Indiya. Sai da masu gyara suka lallaɓa ƙonannen zaren, suka ceci abin da ya cetu, kana aka sake fitar da su cikin 2015. A nan gida ma akwai misali. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya cikin 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya daɗe ana zaton ya ɓata. Aka gano zarensa a ma'ajiyar Hukumar Fina-Finai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin cikin 2018. Irin wannan aiki yana cin watanni da kuɗi masu yawa, kuma cinikin faifai yana daga cikin hanyoyin da kamfanoni suke mayar da abin da suka kashe.

Amma fa ba kowane faifai da aka rubuta wa kalmar sabuntawa ne ya cancanci sunan ba. Ana cutar mai saye ta hanyoyi uku.

Ta farko, a ƙi komawa ga uwar fim, a ɗauki tsohon kwafi a kumbura shi da kwamfuta. Ɗigo ya ƙaru, amma ba abin da ya ƙaru a hoton. Fina-finai da yawa na bayan shekarar 2000 ma an kammala su ne a ma'aunin da bai wuce na Blu-ray da komai ba, don haka faifansu na 4K ba ya ƙara kaifi sosai. Haka kuma abin da aka ɗauka da kyamarar bidiyo tun farko, kamar fina-finan Hausa na Kano tun daga Turmin Danya na 1990, ba shi da zaren da za a koma gare shi. Ana iya tsabtace shi a adana, kuma lalle ya kamata a yi haka, amma ba zai zama abin da bai taɓa zama ba.

Ta biyu ita ce wuce gona da iri wajen gyara. Hoton zaren fim yana da tsaki-tsaki, wanda jikinsa ne, ba dauɗa ba. Waɗansu kamfanoni sukan goge shi don hoto ya yi santsi, sai gashi da tamojin fuska su tafi tare da shi. Faifan Predator na 2010 ya yi ƙaurin suna a kan wannan, domin fuskokin 'yan wasa sun koma kamar na kakin zuma. Garin neman gira aka rasa ido.

Ta uku ita ce sauya fim ɗin kansa. Cikin 2009 William Friedkin ya canja launin The French Connection a faifan Blu-ray, har mai ɗaukar hotonsa, Owen Roizman, ya fito fili ya soki aikin, aka sake fitar da shi cikin 2012. Mughal-e-Azam na 1960, wanda galibinsa baƙi da fari ne, an shafa masa launi cikin 2004. Mai sha'awa yana iya jin daɗin wannan, amma ya sani wani abu dabam ya saya.

Sa'an nan akwai kayan kallon. Faifan 4K yana bukatar na'urarsa da talabijin ɗinsa. Wanda allonsa ƙarami ne, kuma yana zama nesa da shi, idonsa ba zai rarrabe 4K da Blu-ray ba. Faifan Blu-ray kuma yakan zo da kulle na yanki: Afirka da Turai suna yankin B, Amurka tana A, Indiya tana C. Na'urorin ma suna ƙaranci, gama Samsung ta daina fitar da sababbi a Amurka cikin 2019. Kallo ta intanet ya fi araha, sai dai ana matse hoton, kuma kamfani yana iya janye fim ran da ya ga dama. Faifai kuwa yana hannun mai shi.

A taƙaice, kada mutum ya yi cinikin biri a sama. Ya tambaya: da zaren fim aka ɗauki fim ɗin? Daga uwar fim aka sabunta shi, kuma a wace shekara? Su wane ne suka duba aikin? Kamfanonin kirki sukan rubuta wannan a bayan kwali. Idan amsoshin sun gamsar, kuma fim ne da mutum zai riƙa komawa gare shi, to kuɗinsa bai faɗi banza ba, musamman in daga kaset ko DVD ya tashi zuwa Blu-ray. Tashi daga Blu-ray mai kyau zuwa 4K kuwa, ribarsa kaɗan ce, sai ga mai babban allo. In kwali ya yi shiru a kan asalin aikin, to mutum ya riƙe tsohon faifansa da kuɗinsa.