Ƙwayoyin Furobayotik da Lafiyar Fata: Abin da Bincike Ya Tabbatar



Gabatarwa

A shekarar 2001, kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Noma ya fayyace furobayotik da cewa ƙananan halittu ne masu rai, waɗanda ke amfanar jiki idan aka sha su daidai gwargwado. Tunanin ya girmi wannan ma'anar. Tun 1907 Eli Mecnikof na Cibiyar Pasteur da ke Faris ya danganta tsawon ran manoman Bulgeriya da shan nono mai tsami. A 1930 kuma likitocin fata biyu a Amurka, Istokis da Filsbiri, suka yi hasashen cewa damuwa na dagula ƙwayoyin hanji, har abin ya bayyana a fata. Tambayar wannan takarda ita ce: ina hujja ta tsaya a yau?

Rigakafi da magani

Akwai ƙwayoyin garkuwar jiki da yawa a bangon hanji, don haka abin da ya taɓa hanji yana iya kwantar da kumburin fata ko ya tayar da shi. A garin Turku na Finlan, an bai wa mata masu juna biyu ƙwayar Lactobacillus GG gab da haihuwa, aka ci gaba har wata shida bayan haihuwar. Sakamakon da mujallar Lancet ta buga a 2001 ya nuna cewa kashi 23 cikin ɗari na yaran ne suka kamu da egzima, wato cutar ƙaiƙayi da bushewar fata, kafin su cika shekara biyu. A rukunin da ba a ba ƙwayar ba, kashi 46 ne.

Wannan rigakafi ne. Idan cutar ta riga ta kama, labarin ya sha bamban. A 2018 ƙungiyar masu bincike ta Kokiren ta tattara gwaje-gwaje 39, ta tarar cewa furobayotik kusan ba ya rage wa mai egzima komai. Amfanin ƙwaya guda kuma ba ya hawa kan 'yar'uwarta. Saboda haka duk kwalbar da ke alƙawarin goge kurajen fuska don kawai an rubuta mata furobayotik, a tambayi mai ita wace ƙwaya ce a ciki, kuma a wane gwaji ta ci.

Abin da ya shafe mu

Fata ma tana da nata mazauna. Ɗaya daga cikinsu, Staphylococcus epidermidis, na taimakawa wajen tare ƙwayoyin cuta. Yawan wanka da sabulun kashe ƙwayoyin cuta yana share mai kyau da maras kyau, man bilicin mai sitiroyid kuma yana sirantar da fata, ya raunana garkuwarta. Ta fuskar abinci kuwa, kindirmo da nonon da muka gada, ƙwayoyin dangin Lactobacillus na cikin masu tsamantar da su. Sai dai madarar da ba a tafasa ba tana iya ɗauke da tarin fuka da cutar burusela.

Kammalawa

Hujjar rigakafi tana nan amma tana bukatar ƙarfafawa, ta magani kuwa ba ta samu ba tukuna. Ina kira ga jami'o'inmu su ware ƙwayoyin kindirmo, su tantance su, su gwada su a kan matsalolin fatar mutanenmu. Iyaye kuma, yaron da ƙaiƙayi ya hana barci, a kai shi wurin likita kafin a je kanti.