Kitsen Hanta da Ciwon Suga: Abin da Asibitocinmu Ba Sa Dubawa a Masu Ciwon Hanta na B da C



Alƙaluman kowa a zauren nan ya san su. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ce mutum miliyan 254 ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B, miliyan 50 kuma nau'in C, cututtukan biyu sun kashe miliyan 1.3 a 2022. A gida Najeriya, binciken NAIIS na 2018 ya sami kashi 8.1 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 64 da B, kashi 1.1 da C.

Ƙorafina shi ne mun zuba wa ƙwayar cutar ido, mun manta da mai ɗauke da ita. Majinyaci ya zo da teɓa, a auna yawan ƙwayar, a rubuta masa tenofovir ko a ce ya dawo bayan wata shida. Ba a auna ƙugunsa, ba a duba sugansa, balle kitsen jininsa.

Tun 2008 wani bincike a Taiwan ya nuna cewa idan ƙiba da ciwon suga suka haɗu a jikin mai B ko C, haɗarin dajin hanta yana ninkuwa fiye da sau 100. A nau'in C, musamman jinsi na 3, ƙwayar da kanta take tara kitse a hanta, kuma cutar tana rage wa insulin ƙarfi. Sofosbuvir da daclatasvir za su kawar da ita cikin mako 12, amma sugan da teɓar suna nan, suna ci gaba da cin hantar.

Lamarin B ya fi ruɗi. An sha ganin mai kitsen hanta yana da ƙarancin ƙwaya a jini, har wasu su rabu da HBsAg, alamar ƙwayar B a jini. Likita ya ga takarda ya yi murna, alhali tabo na ƙaruwa a ɓoye. Shi ya sa ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na Maris 2024 suka sanya ciwon suga da kitsen hanta cikin dalilan fara magani, komai ƙarancin ƙwayar. Asibitocin jiha nawa ne suka canza takardar karɓar majinyata saboda wannan?



Jami'an ma'aikatun lafiya kullum amsarsu babu kuɗin FibroScan, na'urar auna tabon hanta. To, tef ɗin tela nawa yake? Ƙugu mai santimita 94 ga namiji, 80 ga mace, ya isa a ɗaga gira. Lissafin APRI na tabon hanta kuwa awon AST da na filatilet kawai yake bukata. Rage kashi 7 zuwa 10 na nauyin jiki yana sauke kitsen da kumburin. A haɗa ɗakin masu suga da na masu hanta a rana guda, a daina jiran ranar ciwon hanta ta duniya, 28 ga Yuli, a raba riguna a karanta jawabi.